Daga Kantin Kwari Zuwa Sabon Gari: Awon Motar Iyali

Duk wanda yake so ya ga yadda kaya suke tafiya a ƙasar Hausa, sai ya je Kantin Kwari da hantsi. Kasuwar tana cikin Fagge, a bayan tsohuwar ganuwar birnin Kano, ba nisa da Ƙofar Wambai. Titin Ibrahim Taiwo da titin IBB suna wucewa ta gefenta, amma mai mota ba ya jin daɗinsu, gama daga safe har magariba a cike suke maƙil. A nan ne ake sayar da atamfa da shadda da leshi da yadin maza, turmi-turmi, bandir-bandir, dila-dila. Masu saye kuwa ba Kanawa kaɗai ba ne. Akwai mutanen Sakkwato da Maiduguri, akwai na Maraɗi da Damagaram, har da na Chadi da Kamaru.

Ɗaukar kaya ba baƙon abu ba ne a Fagge. Tun zamanin dā ita ce zangon ayarin raƙuma, inda Buzaye suke sauke gishirin Bilma, su ɗora hatsi da tufafi su koma arewa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ciniki ya sāke kama. Kwarori, watau mutanen Labanan da Siriya, suka kafa kantuna a wannan gefe suna sayar da yadi. Sannu a hankali, musamman bayan dokokin 1972 da 1977 waɗanda suka ba 'yan ƙasa fifiko a harkar ciniki, kantunan suka yi ta komawa hannun Hausawa. Yau yawancin yadin daga ƙasar Sin yake zuwa, ko da yake 'yar Holan tana nan da darajarta.

In ka sami gefen wani kanti ka raɓe na rabin sa'a, za ka lura da abu guda. Kowane kaya da abin da yake ɗaukarsa. Babbar mota tana kawo diloli daga tashar jiragen ruwa, ta sauke. Akori-kura ta kwashe zuwa sito. Daga sito mai kura ya turo zuwa bakin layi, mai baro ya shiga lungu, ɗan dako ya aza a ka ya hau bene. Wanda ya sayi turmi goma kuwa ya tare Adaidaita Sahu, wadda ta cika gari tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013. Ba wanda yake cewa abu guda ya yi dukan waɗannan ayyuka. Wannan darasi ne muka samu a Kwari, ko da yake ba shi muka je nema ba.

Abin da ya kai mu

A gidanmu akwai tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975. Gādo ce daga mahaifi. Ta yi mana bauta, ba mu da abin faɗa a kanta sai alheri. Da kaka takan kawo buhunan masara da dawa daga ƙauyenmu a wajen Malumfashi, ta hanyar Gwarzo da Dayi. Uwargida kuma tana ɗinki tana sayar da atamfa a unguwa, motar ce take ɗauko mata kaya daga Kwari.

Amma gidan ya ƙaru. Yanzu mu bakwai ne: mu biyu, da yara huɗu, da tsohuwa wadda ta dawo wurinmu da zama. Gaban akori-kura mutum uku yake ci. Sauran sai baya, a kan tabarma, cikin rana da ƙura, ko cikin ruwa in damina ce. Ba kujera, ba bel, ba abin riƙewa sai ƙarfen bodi. Duk lokacin da aka taka birki da ƙarfi, sai zuciyar uwa ta tsinke, ta waiwaya tana ƙirga kawuna ta gilashin baya. Buhu in ya faɗi akan tsaya a ɗauka. Ɗa ba haka yake ba.

Saboda haka muka ƙulla shawara mu sayar da ita, mu haɗa kuɗin da na adashe da abin da uwargida ta tara, mu nemi motar da ake kira jif, mai rufi, mai kujeru, mai ɗan tsayi daga ƙasa. Albashin malamin makaranta kowa ya san iyakarsa. Kuɗin nan in sun fita ba za su sāke taruwa da wuri ba, ga kuma kuɗin makarantar yara yana jira. Damuwarmu biyu ce: kada mu sayi abin da zai cinye gidan, kada kuma sana'ar uwargida ta tsaya saboda rashin motar kaya. Wata ranar Asabar muka fita mu uku, har da bakanikenmu, muka fara da Kwari domin uwargida tana da sayayya.

Lissafin mai kanti

Akwai wani dattijo da uwargida ta daɗe tana sayen kaya a wurinsa. Bayan gaisuwa, ya sa yaro ya kawo mana benci da ruwan sanyi. Da ya ji abin da ake ciki, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, in tambaye ka. A shekara sau nawa kuke cika motar nan da kaya?"

Muka ƙirga da yatsu. Sau biyu da kaka domin hatsi. Sau ɗaya gab da Kirsimeti, sau ɗaya gab da Ista, sa'ad da ɗinki ya yi yawa, sai kuma ɗaya ko biyu in an sami ankon biki. Duka-duka sau shida.

Ya ce, "To, yara fa? Sau nawa suke shiga?"

Uwargida ta ce, "Kusan kullum, Alhaji."

Ya ce, "Shi ke nan, kun ba kanku amsa. Ni da kuke gani ina sayar da diloli, ba ni da motar kaya ko ɗaya. In kaya sun zo in kira masu ita, in biya, su tafi da wahalar taya da ta mai. Ku sayi mota domin aikin kullum, ku yi hayar ta aikin wata-wata."

Sa'an nan ya gargaɗe mu kada mu mai da jif akori-kura. Bakanike ya ƙarfafa maganar. Ya ce a jikin ƙofar direba akwai 'yar takarda da masu ƙera motar suka manna, wadda take faɗin iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma nauyin mutane yana ciki. In mutum bakwai sun zauna, abin da ya rage kaɗan ne, buhu biyu ma ya isa ya sa bayanta ya durƙusa. Wanda ya ɗora sauran a kan rufi kuwa ya ƙara wa kansa hatsari, gama doguwar mota ta fi gajeriya saurin kifewa a kwana, balle an yi mata kaya a ka.

Kafin mu tashi dattijon ya nuna mana alamar ruwa a ƙasan bangon kantin. A damina ta 2022 ruwa ya malale layukan Kwari, ya shiga kantuna, aka yi asarar yadi mai yawa. Bakanike ya ce tsayin jif yana da amfani a irin wannan rana, amma kada wani ya ɗauke ta jirgin ruwa. In ruwa ya kai inda inji yake shaƙar iska, an gama.

Telolin Fagge

Daga Kwari muka bi ta cikin Fagge a ƙafa, domin uwargida za ta sayi zare da maɓallai. Lungunan cike suke da ƙarar keken ɗinki. Telolin Fagge sun yi suna, har daga wasu garuruwa akan kawo musu aiki. Muka tsaya a ƙofar wani shago muna kallon wani tela da mai kawo ɗinki. Mutumin ya zo da shadda mai tsada yana ta yabonta. Telan bai ko dube ta ba. Ya ciro tef daga wuyansa, ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya auna tsawo, ya rubuta, kāna ya warware shaddar.

Uwargida ta ce da mu, "Kun gani? Turmin atamfa yadi shida ne, ko ta Holan ce ko ta Sin. Amma ban taɓa sa almakashi ba sai na auna mai ita."

A nan muka zauna a bakin shagon, muka ciro takarda, muka rubuta awon gidanmu kafin mu ga ko mota ɗaya. Na fari, mutane: kujera bakwai, kowace da bel ɗinta, watau dole mota mai layi uku. Ƙofarta kuma kada ta yi tsayin da tsohuwa za ta kāsa hawa, gama gwiwoyinta suna damunta. Na biyu, hanya: yawancin tafiyarmu cikin gari ce a kan kwalta, sai ɗan guntun da ya rage daga bakin titi zuwa ƙauye, mai yashi da zaizayar ruwa. Na uku, aljihu: ba kuɗin saye kaɗai ba, har da abin da za ta riƙa ci kowane wata. Wanda ya je filin mota ba da irin wannan takarda ba, ƙyallin fenti ne zai yi masa zaɓi.

Sabon Gari

Muka ratsa ta kasuwar Singa, inda ake sayar da sukari da taliya da sabulu katan-katan, muka fito titin Murtala Mohammed a ƙarƙashin doguwar gadar sama, muka wuce Bata da 'Yan Kura. Ga babbar kasuwar Sabon Gari, wadda aka raɗa wa sunan Muhammadu Abubakar Rimi, ita ce ta yi mummunar gobara a watan Maris na 2016. An kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa, domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu. Titunanta a miƙe suke, sun gitta juna kamar zanen littafin lissafi, ba kamar lungunan Fagge ba.

Bakanike ya ce kafin a tambayi kuɗin mota, a fara tambayar kuɗin kayanta. Ya kai mu shagon wani mai kayan gyara da suka saba. Ya yi ta kiran sunayen motoci, yana tambayar kuɗin birki, da fitila, da gilashin gaba, da kayan ƙafa, mu kuwa muna rubutawa. Waɗansu kafin ya rufe baki an miƙo su daga kanta. Waɗansu aka ce a duba Ƙofar Ruwa. Waɗansu kuwa aka ce sai an aika Legas. Ya ce mu ja layi mu soke duk motar da kayanta sai an aika Legas, kome kyanta, domin ranar da ta tsaya a Gwarzo ba kyau ne zai tashe ta ba.

A nan ne kuma ya bayyana mana cewa jif iri biyu ce. Akwai wadda aka ɗora bodinta a kan ƙaƙƙarfan shasi kamar motar kaya, irin su Toyota Prado, ɗiyar ɗaki ɗaya da Hilux ta wajen gini. Tana jure mugunyar hanya, amma tana da nauyi, tana da tsayi, tana da tsada. Akwai kuma wadda aka gina kamar ƙaramar mota aka ɗaga ta sama, irin su Toyota RAV4 da Highlander, da Honda CR-V da Pilot. Waɗannan sun fi taushin tafiya da sauƙin hawa. RAV4 da CR-V da aka fi gani a nan mutum biyar suke ci. Pilot tana da layi uku, Highlander kuma akwai mai biyu akwai mai uku.

Sai maganar mai. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Tun daga lokacin, tambayar "filogi nawa ce?" ta riga tambayar "wace shekara ce?" Mai filogi shida ta fi ƙarfi, mai huɗu ta fi tattali. Abin takaicin mai babban gida shi ne, yawancin masu layi uku filogi shida ne. Bakanike ya ce mu yi lissafi irin na aji huɗu. In wata mota ta fi wata shan lita 3 a kowace kilomita 100, kai kuwa kana yin kilomita 1,000 a wata, lita 30 ke nan kowane wata, 360 a shekara. Ka ninka da kuɗin lita na ranar, ka ajiye kusa da kuɗin makarantar ɗa guda, sa'an nan ka yanke shawara.

Filin 'yan mota

Da azahar muka shiga filayen masu sayar da motoci. Kusan duk na hannu ne. Akwai waɗanda aka yi amfani da su a nan gida, akwai kuma waɗanda aka shigo da su daga Amurka da Turai, waɗanda mutane suke kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam. Dillalai suka yanyame mu, wannan ya ce, "Malam, ga taka," wancan ya ce, "Madam, zo ki zauna ki ji sanyi." Ba laifi ba ne, neman abinci suke yi, la'adarsu kuma a fili take. Amma mai takarda a hannu ba ya ruɗewa.

A wani fili aka nuna mana wata baƙar jif tana sheƙi, kuɗinta kuma ya yi sauƙi ƙwarai. Bakanike bai buɗe inji ba tukuna. Ya durƙusa ya ɗaga kafet, ya shinshina, ya sa yatsa ƙarƙashin kujera ya fito da busasshen laka. Ya jawo bel har ƙarshe, sai ga tabon ruwa. Ya dube mu ya ce, "Malam, mu je." A hanya ya ce motar ta kwana cikin ambaliya a ƙasar da ta fito, irin wannan kuwa wayoyinta ba su daina ciwo. Araha ba ta ado.

Ga abubuwan da muka ga yana dubawa a kowace mota, mai karatu ya riƙe su. Yakan so a tayar da inji yana sanyi, ya ga irin hayaƙin da zai fito. Yakan duba baƙin mai da man giya, ya leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo ko walda. Yakan bi gefen ƙofofi da ido, gama inda fenti ya bambanta, an taɓa bugawa. Yakan haɗa 'yar na'urarsa ta kwamfuta ya karanta abin da injin yake ɓoyewa. Motar Amurka da mil take ƙirga tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, saboda haka 150,000 a agogonta 240,000 ke nan a namu. Daga ƙarshe yakan tuƙa ta, ya nemi hanya mai gargada da gangan.

Takardu ma haka. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, motoci da yawa kuwa suka ci gaba da shigowa ta ɓarauniyar hanya ba a biya musu kwastan ba. Wanda ya sayi irin wannan, wata rana za a sauke shi da iyalinsa a bakin titi. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. A duba ta a ƙasan gilashin gaba, a duba ta a jikin ƙofa, a gwada da ta takardar kwastan, harafi-harafi. A je ofis a tabbatar kafin a biya. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a sāke sunan mai ita, a yi inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023.

Abin da muka yanke

Mota biyu ne suka rage a takardarmu. Ɗaya ba jif ba ce ma, Toyota Sienna ce, mai ƙofar ja. Gaskiya ta fi faɗi a ciki, tsohuwa za ta shiga ba wahala, kuma ko an cika kujerun akwai wurin jaka. Duk wanda tafiyarsa ba ta barin kwalta, muna ba shi shawara ya dube ta da kyau kafin sunan jif ya ɗauke masa hankali. Ɗayar kuwa tsohuwar Highlander ce mai layi uku. Layin bayan ƙarami ne, na yara, in an ɗaga shi kuma but ɗin ba ya cin abin kirki. Amma ta fi tsayi daga ƙasa, guntun hanyar ƙauyenmu kuwa tsayi yake so.

Ba mu biya a ranar ba. Mako na gaba muka koma da dukan gidan. Tsohuwa ta hau ta sauka sau biyu ba wanda ya tallafe ta. Yara suka zauna, kowa ya ja bel ɗinsa, autan a kujerarsa ta ƙananan yara. Uwargida ta kwantar da layin baya ta jera turmi talatin, suka shiga. Sa'an nan muka yi ciniki, muka ɗauki Highlander ɗin. Mun san za ta fi shan mai, saboda haka muka sa wa kanmu doka: tafiyar mutum ɗaya a cikin gari ta Adaidaita Sahu ce, motar ta iyali ce. Muka kuma ware kaso guda na kuɗin ba mu taɓa ba, domin sababbin tayoyi da gyaran farko, gama babu motar hannu da ba ta zuwa da 'yar buƙatarta.

Akori-kurar kuwa wani saurayi mai jigilar kaya tsakanin Kwari da Singa ya saye ta. Mun yi magana da shi, da kaka zai je ya kwaso mana hatsi mu biya shi kuɗin hayarsa.

To, 'yan'uwa masu karatu, in irin wannan shawara ta taso a gidanku, ku zauna mata da miji tun ba ku fita ba. Ku ƙirga mutanenku, ku tuna da hanyar garinku, ku dubi aljihunku na wata goma sha biyu, ba na ranar ciniki kaɗai ba. Kada ku ci bashi domin maƙwabci ya ga kun shigo da babbar mota. Ku tafi da bakanike mai amana, ku biya shi ladansa da daɗin rai. In kuwa kuɗin bai kai ba tukuna, ku yi haƙuri ku ci gaba da tari, amma kafin nan yara su shiga motar haya mai kujera, buhuna su hau bayan akori-kura. Allah ya kiyaye hanya.